Kafin A Biya Kuɗin RAM, A Tambayi Sunan Motherboard

Matashin da ke haɗa bidiyon biki a Mahuta, ko na Uhola a Zuru, wata rana CapCut a waya zai gaza masa, sai ya fara shirin haɗa kwamfuta. A nan kuɗi ke salwanta: a aika Farm Centre a Kano a sayo RAM ɗin DDR5, a tarar motherboard ɗin DDR4 yake ɗauka. Tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ko an danna ba zai shiga ba, ga Kano ba kusa ba.

Firosesa ce ke yanke hukunci. Ryzen 7000 a kan AM5, DDR5 kaɗai. AM4 kuwa DDR4. Intel zubi na 12 zuwa 14 ya fi ruɗarwa, don allon LGA1700 iri biyu ne, sai an karanta cikakken sunansa.

Ga mai ƙaramin jari, 32GB na DDR4 ya fi 16GB na DDR5 amfani, komai daɗin bakin mai shago. Adobe da kansu 32GB suke ba da shawara ga aikin 4K a Premiere Pro. A sayo biyu masu 16GB, kamfani ɗaya, gudu ɗaya, bayan an duba jerin QVL na allon.