Gwajin jini ana saura kwana uku ɗaurin aure zalunci ne

Duk mai son ganin yadda muke cutar 'ya'yanmu da hannunmu, ya je ya tsaya a bakin ɗakin gwajin jini a yankin nan namu, daga Bebeji har Doguwa, a makonnin bayan girbi, sa'ad da aka sayar da masara da shinkafa aka shiga hidimar aure. Zai ga saurayi da budurwa, da wata gwaggo da ta rako su. An kai kayan sa rana, an kai lefe, an raba goro da alawa, kafinta ya gama gado. Ɗaurin aure ranar Juma'a, yau Talata, kuma sai yau aka tuna da gwaji. Sakamako ya fito, shi AS, ita ma AS. To wa zai iya janyewa a wannan gaɓa? Uban da ya sayar da bijiminsa ya yi kayan ɗaki? Ko yarinyar da duk gari ya san ranar Juma'a za ta tare? Babu mai janyewa. Za a naɗe takarda a sa aljihu, a ce Allah zai kiyaye, a ɗaura. Bayan shekara biyu jariri ya fara kumburin hannu da ƙafa, yana tsala ihu dare da rana, a ce ba a san daga ina abin ya ɓullo ba.

An sani sarai. Kowa a gidan ya sani.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a jihar Kano: ƙanjamau, ciwon hanta, da rukunin halittar jini da ke nuna sikila. Wanda ya karya ta yana iya fuskantar tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5. Ina goyon bayan dokar, kuma ba na son a ji ni cikin masu cewa baƙon abu ne aka kawo mana. Ko auren gata na ma'aurata 1,800 da aka ɗaura a Oktoban 2023 sai da aka yi wa kowa gwaji, sama kuwa ba ta faɗo ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muka karɓi dokar muka tura ta can ƙarshen biki, ta zama takardar da ake miƙa wa liman kamar rasiɗi. An cika sharaɗi, yaro kuwa ko oho.

Wasu sun riga mu faɗa wa wannan rami. Saudiyya ta wajabta gwajin a 2004, amma da aka duba shekarun farko sai aka tarar kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gaya wa jininsu na da haɗari sun yi aurensu. Dalilin shi ne irin namu: ana zuwa gwaji ne bayan an gama magana, dangi sun sa baki, an kashe kuɗi. Wannan ƙasa ce mai asibitoci da dukiyar da ba mu da su. Mu da muke kwaikwayon dokar, me ya hana mu kwaikwayi darasin?

Lissafin ba shi da wuya. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi ya ce ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar, fiye da ko'ina a duniya. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 ya zo da SS. Kowane ciki, na ce. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba. Akwai gidan da za a jera uku masu ciwo, akwai wanda zai haifi shida lafiya lau, sai a riƙa nuna shi ana ƙaryata likita. Auren zumunci, wanda muke ji da shi, yana ƙara kusantar da masu AS biyu in abin yana cikin dangi, amma da yawan masu ɗauke da shi ko bare ka aura ba ka wuce gwaji ba.

Inda zuciyata ta fi tafasa shi ne kan wanda ake ɗora wa laifi. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Rabi da rabi ne, babu ragi. Amma a gidajenmu wa ake nuna wa yatsa? Uwar. Ita ce mai mugun jini, ita ce mai wabi, danginta ne masu iska. Ita ke kwana zaune a kan tabarma tana danna wa yaro ƙafa da tsumma mai ɗumi in sanyin hunturu ya sauko daga duwatsun Riruwai. Ita ke sayar da akuyarta da tukwanen gararta a nemi jini. Uwar miji tana daga ƙofar ɗaki tana cewa, "Mu dai a zuri'armu ba mu san wannan ba." Hajiya, a jikin ɗanki rabin abin yake, kuma shi ma daga gare ki ko daga mahaifinsa ya gada. Daga nan sai a ba shi shawara ya ƙara aure ya huta, ko a miƙa wa baiwar Allah takardarta ta koma gidan ubanta da yaro mai ciwo a goye. Shi kuwa ya sake aure ba tare da ya san jininsa ba, ya je ya ɗauko wata mai AS, a sake sabon kuka a ɗaki na biyu.

Tun kafin aure ma bambancin yana nan. Saurayi in aka ce AS ne, ya karkaɗe rigarsa ya nemi wata. Budurwa in maganar ta fita, an gama da ita: daga bakin rijiya zuwa gidan suna ana cewa 'yar gidan wane sikila gare ta. Alhali mai AS ba mara lafiya ba ce. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa AS yana kare mai shi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ya yawaita a ƙasashe masu sauro irin tamu. Sai ta auri wanda ba AA ba ne ake iya samun matsala. Ta auri mai AA ta haifi 'ya'yanta babu mai SS ko ɗaya. Saboda wannan tsangwama ne iyaye ke ɓoyewa, wasu ma su nemi wanda zai rubuta musu AA a takarda. Wanda ya karɓi kuɗi ya rubuta wannan ƙarya, ya sani cewa duk daren da wani yaro ya kwana yana birgima don ciwon ƙashi, da hannunsa a ciki. Akwai kuma kuskuren gwaji na gaskiya, daga na'ura tsohuwa ko jinin wanda aka yi wa ƙari kwanan nan, kuma akwai masu zaton rukunin jini na O shi ne AA. Duk wannan yana bukatar a maimaita gwaji a zauna a yi bayani, abin da kwana uku ba za su isa a yi ba.

Masu cewa ƙaddara ce, na yarda da ƙaddara kamar yadda suka yarda. Amma manomin Tudun Wada da ke wannan magana, tun kafin ruwan farko yake tantance irin masararsa. Ba ya bari sai ta tsiro ya tambayi wane iri ya shuka. Ya malamanmu, ku ne ake ji. Huɗuba ɗaya da za ta ce a san jini kafin a kai gaisuwar iyaye, kuma zagin mace kan ciwon ɗanta haramun ne, ta fi sanarwa ɗari a rediyo.

A ɗauke gwajin nan daga makon biki a kai shi inda babu lefe babu kunya. A yi wa kowane yaro da yarinya a ƙaramar sakandare da Islamiyya, a ba su kati, a tsare sirrinsu. A yi wa jarirai ranar da aka kawo su rigakafi. Yanzu akwai tsinken gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro, kamar HemoTypeSC, da ɗigon jini ɗaya yake aiki, ba ya bukatar wutar lantarki. Babu dalilin da mutumin Ba'awa ko Ɗansoshiya ko Burji zai biya kuɗin mota zuwa Kwanar Ɗangora, balle birni, don abin da ma'aikaciyar asibitin mazaɓarsa za ta yi cikin mintoci. Jaririn da aka gano da wuri ana sa shi kan fenisilin da rigakafi da gidan sauro, ya tsallake shekarun da suka fi cinye masu sikila, maimakon a yi ta yi masa tsaga da sakiya. Kuma a nan Kano ne likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka nuna, a binciken da aka wallafa a 2022, cewa ko ƙaramin awo na maganin haidroksiyuriya yana kare yara masu haɗari daga shanyewar ɓarin jiki. A jiharmu aka yi wannan aiki, da yaranmu. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da 'yan majalisarmu da suka amince da tarar naira 500,000, su fito su gaya mana asibiti nawa ne a mazaɓunsu ke da tsinken gwajin da wannan magani, kuma wa aka horar ya zauna da yarinya 'yar shekara 14 ya fahimtar da ita cewa AS ɗinta ba aibi ba ne.