AN SACE LABARIN, AN BAR WA MATASA RUMFAR CACA

'Yan jari-hujja sun daɗe da wata ɗabi'a: su ɗauki abin da jama'a ke so, su rarake cikinsa, sannan su dawo da ɓawon kasuwa da tsada. Wannan aika-aikar ce suka yi wa nau'in wasannin kwamfutar nan da mai wasa ke shiga rigar wani mutum ya rayu da shi a cikin labari. Har ta kai yau matashi zai raba dare da waya a hannu yana zaton labari yake bi, alhali kuwa a rumfar caca ya kwana. Don haka wajibi ne duk ɗan uwan da ke taɓa irin waɗannan wasanni ya san yadda aka yi aka zo nan.

ASALIN ABIN

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Babu kwamfuta a cikinsa. Takarda ce da fensir da 'ya'yan jefawa masu lambobi irin na ludo. Kowa zai zauna ya ƙago jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya rubuta ƙarfinsa da basirarsa da sana'arsa. Mutum ɗaya ya riƙe labarin, sauran kuma kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai aikata. Wato ginshiƙan abin biyu ne tak: jarumin da mutum ya gina da hannunsa, da labarin da zai kama shi da abin da ya zaɓa.

Da abin ya koma kwamfuta, magina na farko sun riƙe waɗannan ginshiƙai. Wasan Ultima IV na Richard Garriott, wanda ya fito a 1985, yakan fara ne da yi wa mai wasa tambayoyi bakwai na hali. Misali, an ba ka amanar jakar zinare da ba a ƙirga ba, sai ga mabaraci a hanya: za ka kai ta yadda take, ko za ka tausaya ka zare masa ɗaya? Amsoshin nan su ke yanke irin mutumin da zai zama. A cikin wasan akwai makafi masu sayar da haɗin magani. Mai wasa na iya rage musu kuɗi ba su sani ba, amma wasan na rubuta masa wannan ha'incin, kuma ba zai kai ƙarshe ba sai ya gyara halinsa.

Haka wasan Fallout na 1997. Mai wasa zai raba maki tsakanin siffofi bakwai. Wanda ya tara wa jaruminsa ƙarfi ya hana shi basira, zai ga ko magana jarumin ba ya iya haɗawa, mutanen gari na yi masa kallon wawa. Wanda kuwa ya gina mai fasaha yana iya rinjayar babban abokin gaba da hujja, ba tare da ya ɗaga makami ba. A ƙarshe kuma a nuna masa halin da kowane gari ya shiga a sanadiyyar ayyukansa.

Ba ana cewa waɗannan wasanni sun tsarkaka ba. Cike suke da tsafi da gumaka da tatsuniyoyin mutanen da suka yi su, kuma mai hankali ya san wannan. Amma dai an ɗauki mai wasa a matsayin mutum mai zaɓi, wanda zai ɗauki nauyin abin da ya zaɓa. Kuma sau ɗaya yake biya, labarin duka ya zama nasa.

YADDA AKA JUYA SHI

To sai 'yan kasuwa suka lura da wani abu: mai wasa na shaƙuwa da jarumin labari kamar yadda yake shaƙuwa da aboki. Sai suka ce, me zai hana a sayar masa da wannan shaƙuwar? A Japan akwai wata na'ura da ake jefa wa kuɗi a murɗa, ƙwan roba ya faɗo da abin wasa a ciki, ba wanda ya san me zai samu. Daga sunanta aka samo kalmar gacha, kuma ita aka ɗauko aka dasa a cikin wasannin waya.

Dubi Genshin Impact, wanda kamfanin miHoYo na birnin Shanghai ya fitar a watan Satumban 2020. A lokacin da ya fito, iyakar abin da mai wasa ke ginawa shi ne ya zaɓi ɗaya cikin tagwaye biyu ya sa masa suna. Manyan jarumai kuwa kamfani ne ya gama ƙera su, ya zuba su a akwatin ƙuri'a. Labarin zai kawo wani jarumi, ya nuna maraicinsa da wahalarsa da bajintarsa har zuciyar yaro ta kamu, sai a kafa tallarsa na kamar mako uku, a ce in ya wuce sai wani jiƙon. Ashe labarin ya tashi daga labari, ya koma tsutsar da ake maƙala wa ƙugiya.

Ga lissafin. Damar fitowar babban jarumi a jefa ɗaya kashi 0.6 ce cikin 100. An yi alkawarin zai fito a jefa na 90, amma ba lallai ya zama wanda ake tallar ba. Tabbacin wannan sai a jefa na 180. Dala 100 kuwa jefa kusan 50 take saye. Kuma don kada yaro ya ga kuɗinsa na tafiya, sai ya canza dala zuwa wasu duwatsu, duwatsun zuwa wasu duwatsun, sannan zuwa ƙuri'a. Wannan in ba makirci ba, mene ne?

MASU KARE ƁARNA

Za su ce ai wasan kyauta ne, ba wanda aka tilasta wa. Shi ma mai kamun kifi kyauta yake ba da tsutsa. Za su ce ai ba caca ba ce tunda kowane jefa ana samun wani abu. To wanda ya zuba kuɗi yana neman doki aka miƙa masa akala, ya ci ko an cinye shi? Kuɗi tabbatacce ya fita, abin da zai dawo kuma sa'a ce ke yanke shi. Wannan sunansa caca, kuma babu Musulmin da bai san hukuncinta ba.

Hatta hukumomin ƙasashen da ba ruwansu da halal da haram sun ga abin ya yi yawa. Japan ta haramta wani nau'in gacha a 2012. Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana yawan damar cin ƙuri'a a 2017. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne. A watan Janairun 2025 kuma kamfanin da ke rarraba Genshin Impact ya amince ya biya dala miliyan 20 bayan hukumar kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da yaudarar yara kan farashi da damar ci, aka kuma hana shi sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 ƙuri'a ba da izinin iyaye ba.

Sai su ce ai in ba a yi haka ba kamfani ba zai ci riba ba. Ƙarya ce. A 2023 kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar da Baldur's Gate 3, inda mai wasa ke gina jaruminsa daga tushe, labarin na sauyawa da zaɓinsa, ba a sayar da ƙuri'a ko ɗaya a ciki. An saye shi miliyoyi, ya kuma lashe kambun wasan shekara. Shi ma yana da nasa dattin na tsiraici da tsafi da ya isa a guje shi, amma ya tona asirin masu cewa dole sai da caca. Haɗama ce kawai.

Saboda haka ɗan uwa matashi ya riƙe ma'auni. Kafin ya ba wani wasa darensa, ya tambayi kansa: jarumin nan ni na gina shi, ko sayar mini ake yi? Zaɓina na canza labarin, ko aljihuna kawai ake jira? Duk wasan da ya kafa masa agogo yana cewa yi maza kafin talla ta ƙare, ya goge shi daga wayarsa tun kafin ya cinye kuɗin makarantarsa da sallarsa ta Asuba. Kuma ya duba wayar ƙaninsa, domin ƙananan su aka fi hari.

Matashin da ya iya zama awa guda yana auna halin da zai ba jarumin ƙarya, ya fi cancanta ya zauna ya auna nasa halin. Allah Ya tsare matasa daga tarkon azzalumai.