Ɗakin Kallo A Cikin Gida: Yadda Za Ki Dawo Da Yara Gabanki Bayan Magariba

 

Wata baiwar Allah daga Saminaka ta yankin Birnin Gwari ce ta aiko mana da tambaya. Ta aurar da babbar 'yarta, ɗakin yarinyar ya koma wurin jibge kwanuka da buhuna. Samarinta biyu kuwa, da an sallame sallar Isha'i sai gidan kallo, ba ta sake sa su a ido sai dare ya raba. Tana so ta san ko za a iya mayar da wannan ɗaki wurin kallo na iyali ba tare da an kashe kuɗin da za a yi da-na-sani ba.

Za a iya, 'yar'uwa. Sai dai akasarin mutane da sayen talabijin suke farawa, alhali shi ne ya kamata ya zo daga baya. A fara da shawara, a bi da wuta, a gyara ɗaki, sannan a je kasuwa.

Abin da ya sa maganar ta wuce nishaɗi

Uwar da ke zaune a ƙasar Birnin Gwari ba sai an gaya mata abin da dare ke nufi ba. Shekaru aka kwashe dajin Kamuku da na Kuyambana suna zaman maɓoyar 'yan bindiga, hanyar Kaduna ta Buruku ta zama abin da ake bi da addu'a a baki, mutanen ƙauyuka da dama suka baro gonakinsu suka dawo cikin gari wurin dangi. A watan Nuwamban 2024 gwamnatin Uba Sani ta yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, kuma jama'a sun samu sauƙi. Amma zuciyar uwa ba ta kwanciya matuƙar ɗanta yana waje ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Shi kansa gidan kallo ba laifi ba ne, sana'a ce da mutane ke ci da iyalinsu. Matsalar ita ce yaro ɗan shekara goma sha biyu yana zaune benci ɗaya da ƙato ɗan shekara talatin, yana jin abin da ake faɗa, yana ganin abin da ake sha, kuma kuɗin shiga kullum sai ya nemo su ko ta wace hanya. Hani kawai ba ya aiki a kan ɗan da abokansa duk suna can. Idan kina so ya zauna, sai ki ba shi abin da zai zaunar da shi.

Kallo a gida, dama harkar mata ce

Kakanninmu majigi suka sani, motar gwamnati da ke zuwa fili ko ƙofar fada da dare ta haska fim irin Baban Larai, wanda ke koyar da noman auduga. Gidajen silima da suka biyo baya na maza ne, matar aure ba ta taka su. Kaset ɗin bidiyo ne ya shigo da fim har ɗakin uwargida, musamman bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. Daga nan kaset ya ba faifan CD wuri, CD ya ba memori da waya wuri. Sai dai waya ta raba kan gida: kowa ya shige lungu da tasa, ba wanda ya san abin da wani ke kallo. Amfanin allo ɗaya a ɗaki ɗaya shi ne abin da ɗanki ya gani, ke ma kin gani.

Shawara tukuna

Kada ki taɓa buhu ko ɗaya kafin ku zauna da maigida. Idan kuma gidan na haɗaka ne, da abokiyar zama ko matan 'yan'uwa, a yi maganar a fili tun farko: wa ya sa kuɗi, kayan na waye, 'ya'yan wa za su shiga, wa ke riƙe makulli. Rimot kaɗai ya isa ya haɗa gida faɗa.

Abu na biyu, a ƙasar Hausa babu ɗakin da ya zama rara har abada. Gobe 'yar da aka aurar za ta zo wankan jego, jibi baƙi za su sauka daga Kuyello ko Dogon Dawa, da kaka kuma masara na neman wuri. Saboda haka kada ki cika ɗakin da manyan kujeru. Ledar ɗaki, tabarmi, 'yan matasai da katifa ɗaya da za a jingine a bango sun wadatar, yadda cikin minti biyar zai koma ɗakin baƙi. Hatsi kam a nema masa wani wuri, domin inda hatsi yake ɓera na nan, ɓera kuwa ba ya barin waya.

Wuta kafin talabijin

Wutar Nefa ba abin dogaro ba ce. Ko a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu, kuma lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna na cikin dalilan. Janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama cin kuɗi, ga ƙara da ke sanar da unguwa cewa gidan nan akwai kaya. Wanda ya zama dole ya yi amfani da shi, ya ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da kamar mita shida. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma ta sha kashe iyali guda suna barci. Kada a sa shi a zaure ko a lungun ɗaki don tsoron ɓarawo.

Ƙaramar sola ta fi dacewa da wannan aiki, kuma lissafinta ba shi da wuya. Talabijin na zamani mai inci 32 yana cin wat 40 ko kusa da haka, dikoda wat 10, fankar sola wat 20, ƙwan fitila wat 5. Jimla wat 75 ke nan a kowace awa, kallon awa uku kuma 225. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da 1,200 a lissafi, amma rabi ake ci idan ana so ya yi ƙarko, wato 600. Kin ga ya isa dare biyu ko da an yi hadari. Farantin sola ɗaya mai wat 150 zuwa 200 zai mayar da abin da aka ci a yini guda na rana mai kyau.

Idan kika samu talabijin mai aiki da batir kai tsaye, wanda 'yan kasuwa ke ce wa na DC, kin huta da sayen inbata. A tabbata an sa na'urar daidaita caji tsakanin farantin da batir, in ba haka ba batirin ba zai daɗe ba. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka a ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da hannun yara. Haɗin wayoyi kuma aikin mai sana'ar ne, kada a bar wa yaro don ya iya gyaran tocila. Farashi yana sauyawa kusan kowane mako, ki sa a tambayi shago uku kafin a biya, a kuma karɓo rasit. Ba dole a sayi komai rana ɗaya ba: kwasar adashe ɗaya ta yi sola, ta gaba ta yi talabijin. Sannu ba ta hana zuwa.

Talabijin ko majigi?

Yanzu akwai ƙananan majigi da ake haɗawa da waya ko filasha, su haska hoto mai faɗi a bango. Yara na son su, kuma farin bango mai santsi ko farin zanen gado da aka ja ya miƙe ya isa allo. Amma masu arahar ba sa nuna hoto sai ɗaki ya yi duhu ƙirin, suna zafi, kuma ƙurar hunturu na toshe su da wuri. Ga gidan da ke da ƙananan yara, talabijin mai inci 32 ya fi juriya da sauƙin gyara.

A kafe shi a bango da ƙarfensa, kada a ɗora a kan teburi inda mai rarrafe zai jawo shi ya faɗo masa. Tunda a ƙasa za a zauna, kada a kai shi can sama kusa da silin, wuya zai yi ciwo. A bar tazarar kamar taku uku tsakaninsa da tabarmar gaba. Idan bangon ƙasa ne, a fara kafa katako mai ƙarfi sannan a ɗaure talabijin a jikinsa. A ɗinka masa riga ta yadi saboda ƙura.

Gyaran ɗaki

Mutum goma a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu azaba ce. Idan babu silin, ko na tabarma ko na buhu da aka ɗinke yana rage zafi, yana kuma rage ƙarar ruwan sama. Kada a toshe taga don neman duhu. A sa mata raga saboda sauro, a rataya labule mai kauri wanda zai hana haske fita waje. Labulen da tabarmi da katifa suna shanye amsa-kuwwa, magana ta fito tas ba sai an ƙure murya ba.

Batun murya ba ƙarami ba ne a yanki irin namu. Manyan lasifika ba su da wani amfani a nan. Muryar ta tsaya iya ɗaki, yadda idan an buga ƙofa ko kare ya yi haushi za a ji. A bar ƙaramar fitila a kunne a bayan masu kallo, ido ya fi hutawa, kuma kina ganin kowa.

Ƙofa kuma kada a taɓa kulle ta da yara a ciki, kada a tare ta da kaya. Tsofaffin Kano har yau suna tuna gobarar silimar El-Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300. Ɗakinki ƙarami ne, amma darasin ɗaya ne: inda mutane suka taru ga wuta ga waya, hanyar fita ta zama a buɗe.

Me za a kalla?

Kada ki gina ɗakin a kan intanet. Mutanen Birnin Gwari ba su manta da yadda aka rufe layukan waya daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 ba, ga kuma tsadar data. Dikoda da filasha su ne ginshiƙi. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana kan StarTimes da GOtv da DStv, kuma shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Gidan Badamasi sun saba tara iyali wuri guda. Idan ƙwallo ce ke fitar da samarinki, a tambayi mai sayar da kati wane tsari ne ke ɗauke da gasar da suke bi kafin a biya, domin ba kowane ke nuna Firimiya ba.

Inda za ki sa ido sosai shi ne filasha. Yaro zai kai ta shagon masu tura fim a cika masa ita da ɗan kuɗi kaɗan, kuma ba kowane mai shago ke tantance abin da yake turawa ba. Fim ɗin Indiya ko na Turkiyya da aka fassara da Hausa, jin Hausar ba ya nufin ya dace da ɗan shekara takwas. Filasha ta zauna a hannunki, ki rubuta abin da kike so a turo, sabon abu kuma ki fara leƙa shi da rana kafin a kunna wa yara. Ki haɗa da karatun Alƙur'ani, tarihin Annabawa da shirye-shiryen koyon lissafi da Turanci. Yaran da suka ga tashin hankali da idonsu, ko suka ji harbi da kunnensu, a nisanta su da finafinan bindiga. Idan kin ga yaro ya fara firgita cikin barci ko fitsarin kwance bayan ya daina, ki duba abin da ya kalla.

Doka tun ranar farko

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da aka kunna, ranar za a faɗi doka: ba kallo sai an dawo Islamiyya an yi aikin makaranta, ana kiran salla a kashe, ƙarfe tara da rabi ko goma a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Don haka talabijin ba mai reno ba ne.

'Ya'yan maƙwabta za su zo, wannan ba makawa. Ki karɓi waɗanda kika san iyayensu, su ma iyayen su san inda suke, a kuma raka su gida da wuri. Samari baligai da 'yanmata kada a bar su su kaɗai a ɗaki, ko a raba musu lokaci. Ke ma ki riƙa zama tare da su, ko da kina tsinke zogale ne. Tambaya ɗaya bayan an gama, irin “me ya sa wane ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya?”, za ta nuna miki abin da ke zuciyar ɗanki fiye da faɗan awa guda.

Iyaye mata da suka riga suka gwada, musamman na Birnin Gwari da kewaye, ku faɗa mana a ƙasa wace irin sola kuka sa, kuma wace dabara ce ta zaunar muku da samari a gida. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.