Ɗakunan sanyi a Kwanar Gafan: Zafin Kano ne zai zaɓi injin da ya dace

Daga Janairu zuwa Maris, tumatir kan cika kasuwar Kwanar Gafan da ke ƙaramar hukumar Garun Malam. Ruwan madatsar Tiga na wadatar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, amma manomi ba shi da wurin ajiya. Kwandon da ya kwana biyu, ko a karyar da farashinsa, ko a yanka a shanya. Masana'antar Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 domin sarrafa tan 1,200 a rana ta sha tsayawa. Shi ya sa ake yawan kiran a gina ɗakunan sanyi.

Tambayar ita ce, da wane inji? Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kigali ta 2016, wadda ta tanadi rage iskar sanyaya ta HFC da kashi 80 cikin ɗari zuwa 2045. Iskar R404A da ake yawan zuba wa manyan firji ta ninka iskar kabon dayoksaid kusan sau 3,900 wajen ɗumama duniya. Wanda ya dogara da ita yau, gobe zai saye ta da tsada.

Manyan kantunan Turai da dama sun koma injinan kabon, domin iskar na da araha kuma ba ta kama wuta. Sai dai idan zafinta ya haura digiri 31, ba ta komawa ruwa, dole injin ya matsa ta da ƙarfi, ya ci wuta da yawa. A Kano kuwa, zafin Afrilu kan kai digiri 40.

Mafita ita ce matsa iskar hawa-hawa. Kwamfresa ta farko ta ɗaga ta zuwa tsaka-tsaki, a huce ta, sannan ta biyu ta ƙarasa. Iskar da ta huce ta fi sauƙin matsawa, don haka wuta ko dizal na raguwa, injin kuma ba ya ƙonewa da wuri.

Ga jami'in da zai sa hannu a kwangila da ɗan kasuwar da zai zuba jari, abin dubawa biyu ne: shaidar aikin injin a zafin digiri 40, da horar da makanikan gida, domin ƙarfin matsin ya ninka na firjin da suka saba gyarawa. In babu waɗannan, ginin zai tsaya, tumatir ya ci gaba da ruɓewa a bakin ƙofarsa.