RA'AYINMU: Kada Mu Manta Da Darasin Kirsimetin 2020

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, hunturu kuma ya fara busawa. Alamar Kirsimeti ta ƙarato ke nan. Amma kafin magidanta su fara jidar buhunan gero da dawa zuwa kasuwa domin sayen yadi da shinkafa, mun ga ya dace mu tuna wa 'yan'uwa shekarar 2020, da abin da ta koya wa iyalan Kirista na ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma.

Kamar yadda masu karatu za su tuna, ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai cutar korona a Legas. Da yawanmu muka ce ciwon Turawa ne da masu shiga jirgin sama. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, gwamnatin Jihar Katsina kuma ta dakatar da sallar Juma'a da sujadar Lahadi. A farkon Afrilu cutar ta kashe wani likita a Daura. Bikin Ista ya zo ran 12 ga Afrilu cikin ɗar-ɗar, kuma a cikin watan nan ne Gwamna Aminu Bello Masari ya sa dokar hana fita a Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma. Daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli.

To, mu dubi yadda wannan ya faɗa wa gida ɗaya. Uwar gida da ke soya ƙosai a bakin makaranta ta rasa masu saye. Ɗan da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya dawo gida, ga annoba ga yajin aikin malaman jami'a wanda ya kai daga Maris har Disamba. Wanda ya tafi neman kuɗi Kaduna ko Legas ya daina aiko da kome, don shi ma yana kulle. Da damina ta faɗi, 'yan bindiga da suka addabi Batsari da Safana da Ɗanmusa suka hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa. Bakunan ci suka ƙaru, hanyoyin samu suka toshe, kuma a Disamba hauhawar farashin kaya a ƙasar nan ta kai kusan kashi 16 cikin 100.

Sa'an nan, saura mako biyu Kirsimeti, ran 11 ga Disamba, aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su ran 17 ga wata, amma hankalin kowane uba da uwa a jihar nan ya riga ya tashi. Ga shi kuma cutar ta sake ɗagowa. A haka Kirsimeti ta same mu: gidaje da yawa babu sabon ɗinki, babu baƙi daga birni, abin yanka kuwa sai haɗa kuɗi aka yi watanda.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya riƙe iyalanmu a shekarar? Kayan tallafin da ake ta shela a rediyo ba su kai ga kowa ba. Abin da ya riƙe mu shi ne hatsin da aka bari a rumbu, da kwanon tuwon da ya riƙa tsallake danga daga gida zuwa gida, har tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suka yi azumi da Sallah cikin irin wannan ƙunci. Sai kuma addu'ar gida, wadda magidanta suka koma jagoranta da kansu da aka rufe majami'a. Gidan da ya sayar da amfanin gonarsa a Kirsimetin 2019 shi ne ya fara cin bashi kafin a kai ga shuka.

Mun san wani zai ce biki sau ɗaya ne a shekara, bai kamata a hana yara farin ciki ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kada a yi murna ba. Amma a 2020 yaranmu sun yi waƙoƙin Kirsimeti cikin tsofaffin riguna, ba kuwa wanda ya ce Mai Ceto bai zo ba. Shi kansa a komin dabbobi aka kwantar da shi. Abin da ke sa yaro kuka na gaske shi ne yunwar watan Agusta, da kora daga makaranta saboda kuɗin da aka kashe a Disamba.

Saboda haka muna kira ga kowane magidanci ya ware abincin da zai kai iyalinsa wata kaka kafin ya sayar da ko da tiya ɗaya. Muna roƙon dattawan ikilisiya kada su yi gwanjon dukan hatsin baikon godiya. A ajiye wani kashi a rumbun ikilisiya domin gwauraye da marayu da waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, a kuma naɗa mutum uku masu aminci su riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Zumuntar mata kuwa su sassauta batun anko, don kada wata 'yar'uwa ta ƙi zuwa sujada saboda kunya. Addu'ar gida kuma kada a bar ta ta mutu.

A Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona, amma ba wanda ya san abin da gobe za ta kawo. Yusufu ya tara hatsi a Masar ne tun ana cikin ƙoshi. Hausawa kuma sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya, ya ba ƙasarmu salama. Amin.