FILIN LAFIYA: Gashi da fata da farce, daga tukunya suke ci



Ran kasuwar da ta wuce na ga wani mai tallar magani ya baza kwalabe bisa tabarma. Yana cewa bitamin ne, mai tsawaita gashi, mai gyara fata, mai ƙarfafa farce. Wata mata ta saida tiya biyu ta wake, ta sayi kwalba guda. Ga ɗanta goye a baya, gashinsa ya yi ja. Waken da ta saida ya fi kwalbar amfani ga yaron nan.

Kowane makiyayi ya sani: in gashin saniya ya tashi, ya bar ƙyalli, ba a shafa mata mai. Kiwo ake gyarawa, a ba ta harawa da dusa. Mutum ma haka yake. Gashi da fata da farce suna nuna abin da ciki ya samu.

Ga alamu huɗu da ya kamata kowa ya sani.

Ta farko: yaron da aka yaye, gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, yana tugewa, ƙafafunsa sun kumbura. Wannan tamowa ce. Kunun hatsi zalla bai ishe shi ba. A kai shi likita ran nan, kada a jira, don tana kisa. A gida kuma a riƙa sa masa garin wake ko na gujiya cikin kunu, da nono, da ƙwai. Ƙwai ba ya sa yaro sata.

Ta biyu: farce ya yi fari, yana karyewa, ko ya lotsa kamar cokali. Cikin ido da tafin hannu sun yi fari, mutum yana gajiya da wuri. Wannan ƙarancin jini ne. Ya fi kama mata masu ciki da masu goyo. Abincinsa hanta, nama, kifi, wake da ganye. Wajen awon ciki ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini, a sha su kullum yadda ungozoma ta ce. Kada a sha shayi nan take bayan cin abinci, don yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini.

Ta ukku: fata ta bushe, ta yi kaushi, yaro ba ya gani da magariba. Dundumi ke nan, rashin bitamin A. In an yi sakaci yana makantarwa. Ana samun bitamin A cikin hanta, man shanu, manja, mangwaro, karas, kabewa da ganyen zogale. Ma'aikatan lafiya suna ɗiga shi a bakin yara, daga mai wata 6 zuwa mai shekara 5, sau ɗaya kowane wata 6. Shuɗiyar ƙwaya ta jarirai ce, jar ta waɗanda suka cika shekara. In sun zo gari, ku fito da yara duka.

Ta huɗu: gefen baki ya tsage, ko fatar wuya da bayan hannu ta yi baƙi tana saɓa. Wannan rashin bitamin B ne. Yana samun gidan da suka daɗe kan masara kaɗai. Gujiya, nono, wake da nama suna maganinsa.

Ba kowane ciwon gashi ne na abinci ba. Makero da ƙazwa ƙwayoyin cuta ne, maganinsu yana likita, tare da wanka da sabulu. Mace mai jego gashinta kan zuba wata 3 bayan haihuwa, ya dawo da kansa. Kitso mai tsauri kuma yana cinye gashin goshi.

To, kwalaben kasuwa fa? Wanda ke cin abinci mai kyau, ƙarin bitamin ba ya ƙara masa gashi. Gashi yana tsawo wajen santimita 1 a wata, farce sai ya yi wata 6 kafin ya sabunta. Wanda ya ce maka mako guda ya isa, kuɗinka yake so. Kuma ba ka san abin da ke cikin kwalbar ba, ga ta yini cikin rana. Bitamin A in ya yi yawa shi kansa yana zubar da gashi, yana cutar da ɗan da ke ciki. Mai ciki kada ta sha komi sai da izinin likita. Man canza launin fata kuwa sirantar da ita yake yi, har ta riƙa tsagewa.

Abin yi ba wuya gare shi. Bayan girbi kada a saida wake da gujiya duka, a aje rabon yara. A shuka zogale a bayan ɗaki. A shanya ganyen kuka da na zogale a inuwa, ba a rana ba. Mai garka ya kai karas da kabewa gida kafin ya kai kasuwa. Mai shanu ya bar wa yara ƙwaryar nono.

Kai da ka iya karatu, karanta wa matan gidanku wannan fili yau da dare. Su ke riƙe da tukunya.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.