Ku bar dukan masu rai da sandar mamaci



Kwanan nan mun yi rashin ɗaya daga cikin tsofaffin ƴan kokowar yankinmu. Allah ya jiƙan shi, ya ba iyalanshi haƙuri. Da gangan ban kawo sunanshi ba, don sunan nan ya sha ja a bakin mutane fiye da kima, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ba a ma share makoki ba, ta'aziyya ta rikiɗe ta koma gardama. A fada, a tasha, a Facebook, har cikin kiran da masu saurare ke yi mana a radiyo, mutum zai fara da addu'a, kafin ya ja numfashi ya ce ai maza sun ƙare, ƴan kokowar Damagaram na yanzu ƴan cin tuwo ne, da marigayi ne a fili da wane bai isa ya ɗaga mana hannu ba. Daga nan sai a shiga lissafo yaran da suna ɗaya bayan ɗaya, wannan rago ne, wancan an saye shi, wancan kuma ko ƙanen matar wani ne shi ya sa aka zaɓe shi.

Ni dai na ce wannan ba makoki ba ne. An mayar da mamaci sanda ana dukan masu rai da shi, kuma shi kanshi da za a tambaye shi ba zai yarda ba.

Mu fara da maganar "na da". Wai na da ba su faɗuwa? Haba jama'a. Gasar takobi ta ƙasa an fara ta a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, kuma wanda ya ɗauki takobin farko Yakuba Ango Kantu ne na Maraɗi. A wannan shekara ƴan Damagaram sun dawo gida hannu biyu, alhali zamanin mazan ne da ake yi mana gori da su. Langa-Langa da aka sa wa filin kokowar Damagaram sunanshi, da Salma Ɗan Rani da aka sa wa na Doso, da Kantu da aka sa wa na Maraɗi, ba don ƙasa ba ta taɓa bayansu ba aka girmama su. Duk wanda ya daɗe a fili ya san ɗanɗanon rairayi. Abin da ke faruwa shi ne, in shekaru suka ja, mai ba da labari yana riƙe ranar da gwaninshi ya yi kaye, ya yar da ranar da aka kayar da shi. Yaron yau kuwa faɗuwarshi tana cikin salula, ana maimaita ta sau ɗari kafin ya kakkaɓe walki.

Sannan ku dubi yadda gasar take tafiya. Jaha takwas ne, kowace tana kawo mutum goma, ƴan kokowa 80 ke nan, takobi kuwa ɗaya. Jaha tana karawa da jaha, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman takobi, ko da zai kayar da duk sauran da ya haɗu da su. Santsin ƙafa na daƙiƙa ɗaya ya isa ya rushe shirin shekara. Kowace shekara mutum 79 ne ke komawa gida ba takobi. Duk ragaye ne? Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi sau shida. Ma'ana, a waɗannan shekaru shida, Yamai da Maraɗi da Tawa da Agadas da Diffa da Tillaberi duk sun jira kamar yadda muka jira. Kuma a 2018, da aka yi gasar a Damagaram, Tasi'u Sani ne ya riƙe takobi a gida. Ba zamanin kakanni ba ne wannan, da idonmu muka gani, mun yi ta hon da babura har dare. Masu cewa maza sun ƙare, ina kuke a ranar?

Kar wani ya ce na hana sukar ƴan kokowa. Suka halas ce, ita ce ma gishirin wasan. In yaro ya shiga fili yana ta ja da baya, yana gudun kamu, yana jiran alƙalin wasa ya ba abokin karawarshi gargaɗi don ya ci ba tare da kaye ba, a faɗa mishi. In ana ganin wajen zaɓen goman da za su wakilci jaha ba a duba kowa da ido ɗaya ba, a tambayi masu zaɓe a fili, su yi bayani. In gwani ya bar jahar da ta raine shi ya koma wata don abin hannu, mutane suna da damar jin ciwo. Duk wannan gardama ce ta masu son abu. Amma akwai rata tsakanin cewa wane ba ya da kamun ƙafa, da cewa wane ɗan iska ne, a haɗa da uwarshi da garinsu. Na farko gyara ne. Na biyu cin mutunci ne, kuma mai yin shi galibi bai taɓa ɗaura walki ba, ko kokowar yara ta bakin rijiya bai yi ba.

Akwai kuma masu rataya kome a wuyan asiri. In namu ya faɗi, an ɗaure shi. In ya yi kaye, malaminshi ne ya iya aiki. Kowa ya san ƴan kokowa da layu da guraye suke shiga fili, ba yau aka fara ba. To amma na can ma da nasu suke zuwa. In laya ta haɗu da laya, abin da ya rage shi ne wanda ya fi ƙoshi, ya fi numfashi, ya fi shan horo. Maganar asiri tana da daɗi don tana sauke mana nauyi, ba sai mun tambayi kanmu me muka yi ba.

To me muka yi? Nan ne nake son mu tsaya. Ɗan kokowa ba a filin Langa-Langa ake haifar shi ba. A dandalin ƙauye yake fitowa, bayan an sa hatsi a rumbu, da farin wata, ganga na tashi, ƙauye ya gayyaci ƙauye. A nan yaro ke koyon yadda ake tsayuwa, yadda ake karɓar nauyin mutum, da yadda ake faɗuwa a tashi ba tare da an ɗauko sanda ba. Marigayin da muke kuka a kanshi a irin wannan dandali ya tashi. Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah, ƙauyuka nawa ne a ƙasar Kance ke shirya kokowar kaka kamar da? Da an gama girbi, majiya ƙarfi sun ɗauki jaka, wasu Agadas, wasu wurin zinariya, wasu Libiya da Aljeriya, wasu sun tsallaka Daura da Kano. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jiran takobi. Amma in dandali ya mutu, daga ina goman za su fito? Muna barin yaro yana fama da noma da kabu-kabu duk shekara, sai gasa ta matso a tara su ƴan kwanaki, a ce su je su kayar da wanda ya shekara yana shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma maganar da ta fi mini ciwo, wadda masu dogon rubutun ta'aziyya ba su son ji. Kokowa tana cin jiki. Gwiwa ce ke fara tafiya, sai baya, sai kafaɗa. Ɗan kokowa ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai jira fansho. In ƙarfi ya ƙare, ganga ta koma kan wani, makaɗi ya sauya suna a waƙa, ƴan cali-cali ma sun sami sabon wanda za su kwaikwaya. Tsofaffin ƴan kokowa nawa ne ke zaune a ƙauyukanmu yanzu haka, da takardar magani a aljihu, ba kuɗin farmasi? Cikin masu sa hoton marigayi da hawaye a shafinsu, mutum nawa ne suka taka suka gaishe shi yana da rai? Ba sai kun amsa mini ba, kowa ya amsa wa kanshi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun iya yabon ɗan kokowa ranar da ya yi kaye da ranar da ya mutu, shekarun da ke tsakani kuwa shi da Allahnshi.

Kuma ku sani yaran nan na yau suna kallo. Suna ganin yadda tsoho ya ƙare, suna jin zagin da ake yi musu da sunanshi. Yaro mai ƙarfi da hankali in ya auna, me zai sa ya ba kokowa ƙuruciyarshi? Kowane zagi da kuke aikawa yana korar wani da ƙila shi ne zai dawo mana da takobi.

Don kar a ce na yi surutu na tashi, ga abin da nake ganin yana hannunmu, ba sai mun jira Yamai ba. Gundumar Kance tana da kwamin tara. In kowace ta ɗauki nauyin kokowar kaka sau ɗaya a shekara, gwanayen su haɗu a Matamaye, masu zaɓen jaha su zo su gani da idonsu, gardamar wane ya cancanta za ta ragu, don fili ne zai yi magana. Magadan gari da sarakuna da ƴan kasuwa, wannan bai fi ƙarfinku ba. A irin wannan taro a zaunar da tsofaffin ƴan kokowa a gaba, a ba su aikin horar da yara, a biya su, don abin da ke kansu babu shi a takarda. Fadojin da ke ƙona shayi da sukari kan gardama har tsakar dare, in kowane mutum ya ajiye dala ashirin a mako, a sami amintattu su riƙe, zai sayi maganin tsoho fiye da ɗaya. Mu ma na radiyo da namu kaso: mu ɗauki na'ura mu bi su gida-gida mu naɗi muryarsu, su ba da labarin karawarsu da bakinsu tun suna iyawa, maimakon mu jira sanarwar jana'iza mu sa waƙar Sagalo.

Wanda ke son marigayi da gaske, ga iyalinshi nan, ga abokan zamaninshi da suka rage, ga yaran da suka gaji walkinshi. Ya zaɓi ɗaya ya yi wani abu. Gardama kan wa ya fi wa kamu kuwa a ci gaba da ita, ni ma ina ciki, kuma ina da nawa gwanin da ba zan sake ba. Sai dai a yi ta da sunan masu rai, a bar wanda ya tafi ya huta.

Allah ya jiƙan shi da rahama, ya jiƙan dukkan magabatanmu, ya sa mu cika da imani. Wanda ke da ja da abin da na faɗa, ga fili nan, ya zo da hujja ya bar zagi a gida.